Amama a Bakin Ƙofa

Shekarar da Mariatu ta haihu, damina ta sauka a Akra tun kafin mutane su gama toshe ɓulallun kwanon rufinsu. Ghana ba ta daɗe da samun mulkin kai ba, gari na ta cika da baƙi, ana ta gina ɗakuna a unguwannin Nima da Mamobi, wannan a jikin wancan, har lungu ya zama sai mutum ya karkace zai wuce da kaya a ka. Ruwa ya kwana yana zuba, ya wuni yana yayyafi. Babbar kwatar da ta ratsa unguwa ta cika ta tumbatsa, bango ya jiƙe, tabarma ta yi sanyi, zanen da aka shanya sai ya yi tsami a kan igiya bai bushe ba.

Tare da ruwan nan tari ya shigo unguwa. Ba tarin mura ba ne da ake sha wa citta da lemon tsami a wuce wurin, tarin shiƙa ne. Yaro zai kama tari ba tsayawa har idanunsa su firfito, sannan ya ja numfashi da wata ƙara kamar ta zakara, ya amayar da abin da ya ci. Manyan yara sukan sha wahala su tashi. Jarirai kuwa ba su da ƙarfin yin ƙarar ma, sai dai uwa ta ga leɓe ya yi duhu.

A gidan hayar Baba Imoro da ke Mamobi akwai wata tsohuwa mai suna Amama, mutuniyar Dagomba daga wani ƙauye kusa da Savelugu. Gajera ce, mai faɗin kafaɗa, tana sayar da koko da ƙosai a wata rumfar kwano a bakin hanya, inda motocin haya da ake kira torotoro ke tsayawa. Ɗa guda ya rage mata a duniya, Ziblim, lebura a wajen masu gini a Kokomlemle. Shi ne mijin Mariatu. Ɗaki ɗaya suka kama su uku, aka raba shi biyu da katako, katakon ma bai kai rufi ba.

Amama ta san tarin nan tun tana ƙuruciya. A ƙauyensu wani ƙanin mijinta ya taɓa dawowa daga kasuwa yana tari, ya ɗauki jaririnta yana yi masa wasa, yana hura masa iska a ciki. Kafin ruwan shekarar ya ɗauke ta binne jaririn, ta binne yayarsa. An ce mata lokaci ne ya yi, ta kuma yarda lokaci ne. Amma ba ta manta wanda ya shigo da tarin ba.

Saboda haka ranar da Mariatu ta sauka lafiya, ta haifi 'ya mace, ungozoma na fita Amama ta ja 'yar kujerarta ta tsugunno ta dasa a bakin ƙofa, ta ajiye tsintsiya a gefe, ta zauna. Ta rufe rumfar koko. Ta fitar da kurfotin gawayi daga ɗaki, ta ce hayaƙi ba zai kwana da jaririya ba, in sanyi ake ji a ƙara zane. Ta kori Ziblim zuwa ɗakin samari, domin shi kullum cikin jama'a yake wuni.

Waɗanda suka fara gamuwa da tsintsiyar su ne 'ya'yan Fuseina, matar da ke ɗakin da ke kallon nasu. Yara biyu ne, dukansu da majina har baki, suka rugo za su ga jaririya. Amama ta ɗaga tsintsiya, suka watse suna kuka. Fuseina ta fito da nata jaririn a goye, ta riƙe ƙugu.

"Mma Amama, me yarana suka yi? Karnuka ne da za a kore su da tsintsiya?"

"Tari suke," in ji Amama. "Kai ma ka ji su da kunnenka. Ka raba su da wanda ke bayanka, in kana jin magana."

Hausar Amama ta Zango ce, wadda ta koya a bakin tukunyar koko. Ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinta. Fuseina ta yi tsaki ta koma ɗaki, daga ranar ta daina gaishe ta.

Mata 'yan barka suka fara zuwa. Kowace ta zo, Amama ta tambaye ta ko akwai mai tari a gidansu. Tambayar ma ta al'ada ce, don ta riga ta san amsa: duk yaran unguwa ta gabanta suke wucewa da kwanon koko, ta san ƙirjin kowane gida. Wadda gidanta ke lafiya ta ba ta ruwa da sabulu ta wanke hannu, ta bar ta ta leƙa daga bakin labule. Sauran kuwa daga tsakar gida suke ɗaga murya su ce barka, Mariatu ta amsa daga ciki. Wasu suka yi dariya, wasu suka tafi da fushi.

Sai ga Sabuwa. Ita ce gwaggon Mariatu, ita ta riƙe ta tun iyayenta suka rasu, ita ta aurar da ita. Bakatsiniya ce, doguwa, mai sayar da atamfa a Kasuwar Malam Atta, kuma ita ce magajiyar mata a wannan yanki: ba biki ba suna sai da ita, ita ke zaɓen zanen yayi da mata za su ɗaura iri ɗaya, ita ke raba goro. Ta shigo da laima, mata uku na biye da ita ɗauke da kwanukan kunun kanwa da kayan yaji. Ko kallon kujerar ba ta yi ba, ta miƙa hannu za ta ɗaga labule.

Amama ta miƙe ta cika ƙofar.

"Magajiya, ka tsaya nan."

"Ni ce 'ka'?" in ji Sabuwa, ta juya ta dubi matan, suka yi dariya. "To, uwar Ziblim, matsa in ga 'yata."

"Jikokinka biyu suna tari. Wanda ya zo sayen koko ranar Laraba, a gabana ya yi amai. Da su kake kwana. Ba za ka shiga ba."

Dariyar ta tsaya. Sabuwa ta naɗe laimarta a hankali.

"Yarinyar nan da ke ciki, ni na yaye ta. Ni na yi mata kitso, ni na wanke ta ranar aure na kawo muku. Yau ke za ki tsaya tsakanina da ita? A wane gari aka taɓa yin haka? Ko a Dagomba ɗinku ba a yi."

"A Dagomba ba a yi," in ji Amama. "Shi ya sa na baro biyu a ƙasa a can."

Sabuwa ta ɗaga murya. "Mariatu! Kina ji ana wulaƙanta ni kin yi shiru?"

Daga ciki aka ji muryar Mariatu ƙasa-ƙasa. "Gwaggo, ki yi haƙuri." Abin da ta iya cewa ke nan. Yarinya ce mai kunya, tun da aka kawo ta gidan ba a taɓa jin ta ɗaga wa kowa murya ba.

Sabuwa ta sa aka dire kwanukan a ƙasa cikin ruwa, ta buɗe laima ta fita. Amama ta ɗauki kunun, ta zuba a tukunya ta sake tafasa shi, ta kai wa mai jego.

Da yamma Ziblim ya dawo, siminti duk a gashinsa, ya tsuguna nesa kaɗan da uwarsa. Labari ya riga shi isa ko'ina.

"Mma, mutane na magana. A masallaci ma an tare ni. Suna cewa mun ɗauki kanmu mun fi kowa. Gwaggo Sabuwa fa ita ce uwar Mariatu."

"Ka ci abinci?"

"Mma, ina miki magana."

"Na ji. Su yi ta magana. Bakinsu ba zai kashe yaron nan ba, sai in sun kawo shi kusa da hancinsa."

Ya miƙe ya koma ɗakin samari, ya san uwarsa. Amma Baba Imoro, mai gidan, bai san ta kamar haka ba. Washegari da hantsi ya fito da carbi a hannu, ya ratsa tsakanin kajinsa da ke tsattsage a tsakar gida, ya tsaya a gabanta. Dattijo ne mai son zaman lafiya, kuma Sabuwa ta aika masa da ƙara.

"Amama, gidan nan nawa ne, kuma ba a san shi da korar baƙo ba. Cuta da lafiya duk na Allah ne. Abin da aka rubuta wa yarinyar nan, kujerarki ba za ta tare shi ba."

"Gaskiya ne, Baba."

"To ki ɗauke kujerar."

"Baba, bara da kazanka ya fara gyangyaɗi yana zubar da majina, me ka yi?"

Ya juya ya dubi kajinsa.

"Ni na gan ka. Ka kama shi ka kai bayan gida ka kife da kwando, don kar sauran su ɗauka. Ba ka ce an rubuta ba. Allah da ya ba ka hankalin ware kaza, shi ya ba ni na ware jikana. Ko kaza ya fi mutum?"

Wata Bazabarma da ke wanki a gefe ta ƙyalƙyale da dariya, ta yi saurin toshe baki da zane. Baba Imoro ya ji kunya, kunyar ta koma fushi.

"In ba za ki bi tsarin gidan nan ba, ku nemi wani ɗakin."

"To. In ruwa ya ɗauke za mu nema. Yanzu dai ko da 'yan sanda ka zo, a kan kujeran nan za su same ni."

Ya tafi yana jan carbi da ƙarfi. Bai sake tayar da maganar tashi ba, amma shi ma ya daina amsa gaisuwarta.

Ranar suna gari ya waye da yayyafi. Maza suka taru a ƙofar gida, liman ya yi addu'a, aka raɗa wa yarinya Salimatu, aka yanka rago. Da wanzami ya zo aski, ya ce a fito masa da jaririya tsakar gida inda haske yake, kamar yadda aka saba. Amama ta ce a'a. Ta sa shi ya tsaya a gabanta ya ja numfashi mai tsawo ya sauke, ta kasa kunne a kusa da ƙirjinsa kamar mai sayen kankana. Ta ba shi ruwan zafi da sabulu, ta sa ya tafasa askarsa, sannan ta bar shi ya shiga shi kaɗai. Ya fito yana cewa tun da ya gaji sana'ar nan ba a taɓa yi masa haka ba.

Da azahar mata suka cika gidan, duk da zanen yayi shuɗi mai zanen ganye. Sabuwa na gaba, da makaɗa a bayanta. Ta zo ne da tunanin cewa a gaban taro Amama ba za ta iya hana ta ba. Al'ada ce a fito da jaririya a miƙa ta hannu zuwa hannu, kowace mace ta ɗauka ta sa albarka. Aka yi kiɗa, aka yi guɗa, sannan Sabuwa ta ɗaga hannu kiɗa ya tsaya.

"A fito da amarya mu gani."

Amama na zaune a kujerarta. Tana jin tari nan da can cikin taron, na manya da na goyo. Ta miƙe.

"Mai son ganinsa ya zo taga."

Ta shiga, ta ɗauko Salimatu a naɗe cikin farin zane, ta ɗaga ta a bayan 'yar tagar ɗakin mai gilashi guda, wadda ta goge tun da safe. Wasu matan suka matso suna leƙe, suna cewa tubarkalla, hancin uban ne. Amma da yawa suka tsaya suna kallon Sabuwa.

"Mu za a nuna wa jinjira ta gilashi kamar kayan kanti a Adabraka?" in ji Sabuwa. "Ku taso mu tafi. Wanda ya ƙi mutane, ranar da zai neme su tana nan zuwa."

Ta fita, makaɗa suka bi ta, fiye da rabin mata suka bi makaɗa. Shinkafa ta yi kwantai a manyan tukwane. Mariatu ta yi kuka a ɗaki har idonta ya kumbura, don sunan 'yarta ta fari ne ya watse. Amama ta ji kukan, abin ya taɓa ta, amma ba ta nuna ba. Ta shiga ta ce, "Ka share ido ka ba shi nono. Nonon nan ya fi kiɗa." Sannan ta raba shinkafar gida-gida, har ɗakin Fuseina, wadda ta karɓa ba godiya.

Kwanaki suka wuce, unguwa ta juya wa Amama baya. In ta je famfo mata su yi shiru. An sa mata suna Ɗan Sanda. Ita kuwa ta ci gaba da dafa ruwan wankan jego a waje, tana wanke tsummokara tana busar da su a jikin tukunya mai zafi, tana zaune a bakin ƙofa da zane a ka in ruwa ya sauko.

Wata ranar Asabar da hantsi, maza duk sun tafi aiki, aka ji ihu daga ɗakin Fuseina. Ta fito a guje ba ɗankwali, jaririnta a hannu ya saki jiki, leɓensa ya yi baƙi. Mijinta ya yi tafiya Kumasi. Matan gida suka kewaye ta, wata na salati, wata na cewa a kawo man kaɗanya, wata na cewa a turara masa. Fuseina sai juyi take a tsakiya tana kiran sunan yaron.

Amama ta dubi labulen da take gadi, ta dubi yaron. Ta san abin da tashi daga kujerar nan ke nufi. Ta tashi.

Ta ture matan, ta fizge yaron, ta kifa shi a kan hannunta ta bubbuga bayansa. Ta juyo da shi ta sa bakinta a hancinsa ta zuƙe majinar da ta toshe, ta tofar, ta sake zuƙa. Yaron ya yi wata 'yar shaƙuwa, ya ja iska.

"Ba turare," in ji ta. "Asibiti. Fuseina, ɗauko zanenka."

Ta goya shi da kanta, ta fita cikin taɓo ba takalmi, Fuseina na bin ta. A bakin hanya ta tsaya a gaban wata torotoro da ta cika maƙil, ta ƙi matsawa sai da direba ya sauke mutum biyu. A asibitin yara na cikin gari aka karɓi yaron, aka ba shi gado, aka ce uwar ta zauna da shi. Wata nas ta tambayi Amama ko akwai wani jariri a gidan. Da ta ji akwai, ta ce a nisanta shi da duk mai tari. Amama ta ce ta ji.

Sai bayan la'asar ta dawo gida, a jiƙe, ƙafafu duk taɓo, bayanta duk aman yaro. Gajiya ta sa ta manta komai. Abin da ke ranta kawai ruwan wankan Mariatu bai hau wuta ba, kuma tun safe ba ta ga fuskar jikarta ba. Ta tsallake kujerar, ta kama labule.

"Mma."

Muryar Mariatu ce, daga can cikin ɗaki.

"Mma, kar ki shigo."

Amama ta tsaya, labule a hannu. Ta hango yarinyar a tsaye a ƙuryar ɗaki, ta rungume Salimatu ta juya wa ƙofa baya.

"Ni kake gaya wa?"

"An ce kin sa baki a hancinsa. Ki yafe mini, Mma. Kar ki shigo."

Jini ya hau wa Amama ka. Ɗakin ɗanta ne, ita ta share shi, ita ta ɓata da duk unguwa a kansa, yau yarinyar da ba ta iya haɗa ido da ita ce ke tare ta. Matan gida sun yi cirko-cirko suna jiran abin da zai faru. Ta buɗe baki, sai ta ji ɗanɗanon majinar yaron har yanzu a harshenta. Ta saki labulen.

"To," in ji ta. Ta ja da baya har tsakiyar gida, sannan ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Kun ji shi? Haka za ka gaya wa kowa, Mariatu. Ko liman ne."

Ba ta kwana a gefenta na ɗakin ba, tun da katakon bai kai rufi ba. Ta sa aka miƙo mata tabarma da zannuwa ta taga, ta koma rumfar koko a bakin hanya, ta kewaye ta da buhunan gawayi. Ziblim ya zo ya yi ta roƙo, ya ce lafiyarta ƙalau, ko atishawa ba ta yi, me zai sa ta kwana a titi kamar marar kowa. Ta ce masa tarin ba ya sallama ranar da ya shiga. Ta umarce shi ya riƙa ɗebo ruwa yana dafawa yana ajiyewa a bakin ƙofa. Haka ƙaton lebura ya riƙa bin layin famfo cikin mata da bokiti, samari na yi masa dariya.

Bayan mako guda da 'yan kwanaki tarin ya zo. Ya fara kamar ƙaiƙayi a maƙogwaro, ya koma abin da ke durƙusar da ita tana riƙe da ginshiƙin rumfa, hawaye na zuba. Masu wucewa suka ce alhakin mutane ne ya kama Ɗan Sanda. Wata ma ta faɗa a gabanta. Amama ta jira numfashinta ya dawo, ta ce, "Ni ya kama. Jikana fa? Ka ji shi yana tari?"

A cikin waɗannan kwanaki aka yi rasuwa a gidan wani mahauci a Nima. Jariri ne da aka yi sunansa bayan na Salimatu, suna na gani na faɗa, Sabuwa ce ta yi ta yawo da shi hannu zuwa hannu cikin taro. Bai kai arba'in ba. Ba wanda ya ɗora wa Sabuwa laifi. Amma bayan sadakar uku sai ga ta a gaban rumfar koko, ba 'yan rakiya, da ƙunshin kaya a hannu. Ta tsaya daga nesa.

"Sannu da jiki, uwar Ziblim."

"Yauwa, Magajiya."

"An ce namiji ke dafa wa 'yata ruwan jego. Abin kunya ne a gare ni. Jikokina sun warke tuni, na kai su wurin uwarsu. Zan je in zauna da ita. Ba don ke ba."

Amama ta dube ta sama da ƙasa.

"Ka yi wanka a waje kafin ka shiga. Zanen jikinka a tafasa. In ka shiga ba kasuwa, ba biki, sai ruwa ya ɗauke. Ba wuta a ɗaki."

"Ni za ki koya wa jego?"

"In ba za ka iya ba ka koma. Mariatu zai tare ka, ya iya."

Sabuwa ta yi ƙwafa, ta ɗauki ƙunshinta ta nufi gidan. Da yamma Ziblim ya kawo labari yana dariya: Gwaggo ta yi wanka a waje, ta bar wa wata yarinya rumfar atamfa, kuma tana zaune a bakin ƙofa. Har ta kori matar Baba Imoro saboda atishawa ɗaya, da Hausa mai kaifi wadda ta fi tsintsiya zafi.

Fuseina ta dawo daga asibiti da yaronta, ya rame amma yana shan nono. Ba ta iya doguwar magana ba, sai ta riƙa kawo wa Amama tuwo da miya mai zafi kullum, ta ajiye a bakin rumfa, ta tsuguna ta gaishe ta har ƙasa.

Tarin Amama ya daɗe. Mariatu ta yi arba'in, aka ce to yanzu sai ta dawo gida, ta ƙi. Baba Imoro da kansa ya zo rumfar, ya ce tsohuwa kamarta ba ta kwana a titi alhali tana da ɗaki a gidansa, mutane za su zage shi. Ta gode masa, ta ce sai ƙirjinta ya yi shiru. Abin da ta yarda da shi kawai, in rana ta fito Mariatu ta tsaya a tsallaken hanya da Salimatu a kafaɗa, ita kuma ta leƙo daga rumfa, motoci na wucewa tsakaninsu. Takan ɗaga hannu, sannan ta yi musu alamar su koma, iska ta yi yawa.

Sai da ruwa ya ɗauke, ƙasa ta bushe, ta yi kwanaki masu yawa ba ta yi tari ko sau ɗaya ba, sannan ta je asibiti aka saurari ƙirjinta aka ce ba komai. Ta dawo ta yi wanka, ta ɗaura sabon zanen da Sabuwa ta aiko mata ba tare da saƙo ba, ta shiga gidan da hantsi. Ta rame, zanen har ya zagaye ta sau biyu. Matan gida suka fito suna yi mata sannu.

Mariatu ta fito da Salimatu, ta durƙusa, ta miƙa mata. Yarinya ta yi ɓulɓul, wuya duk ninki. Amama ta karɓe ta, ta kira ta da wani suna na Dagomba. Salimatu ta buɗe ido ta ga baƙuwar fuska, ta taɓe baki, ta tsala ihu. Ihu ne mai ƙarfi, mai tsawo, har kajin Baba Imoro suka watse.

"Ayya, ba ta san ki ba," in ji Mariatu, ta miƙo hannu za ta karɓa. "Kawo in rarrashe ta, Mma."

"Bar shi," in ji Amama.

Ta ɗaga yarinyar sama da hannu biyu, ta juya da ita gabas da yamma a tsakar gida, tana dariya, hawaye na bin kumatunta.

"Bar shi ya yi. Ku saurara da kyau, ku mutanen gidan nan. Kun ji ƙirji?"